Daga Sawun Ƙafa Zuwa Gwajin ADN: Tarihin Tabbatar Da Uba Da Haƙƙin Ciyar Da Yaro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a shekarun nan da wuya wata biyu su wuce ba a kawo mana irin wannan ƙara a zauren masallaci ba. Mace ce za ta zo da goyo, ko yayanta ya zo a madadinta, a ce mijin da ya sake ta ya daina aiko da kuɗin abinci, da aka matsa masa sai ya ce ai shi tun farko yana shakkar cikin. Wani lokaci mijin ne zai ce a je a yi ADN. Wani lokaci dangin matar ne za su ce a je ɗin, tunda sun san gaskiyarsu. A tsakiya kuwa ga yaro nan yana wasa da carbin kakansa, bai san ana gardama a kan abincinsa da kuɗin makarantarsa da sunan da za a rubuta masa a takardar haihuwa ba.

Ɗalibanmu sun sha tambaya: Malam, shin Shari'a ta san wannan gwaji? To, na'urar sabuwa ce, amma tambayar tsohuwa ce. Tun zamanin Annabi (SAW) aka yi ta, aka kuma amsa ta. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin daki-daki, domin wanda ya san yadda magabata suka yi da kama da sawu ba zai ruɗe ba idan aka miƙo masa takardar ɗakin gwaji.

Ranar da shimfiɗa ta rinjayi kama

A shekara ta 8 bayan Hijira, wato 630 Miladiyya, lokacin buɗe Makka, mutum biyu suka kawo jayayya gaban Manzon Allah (SAW) a kan wani yaro da baiwar Zam'a ta haifa. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ce ɗan'uwansa Utba ya bar masa wasiyya cewa yaron nasa ne, ya kuma ce a dubi kamanninsa. Abdu ɗan Zam'a ya ce a'a, ƙanensa ne, a kan shimfiɗar mahaifinsa aka haife shi. Annabi (SAW) ya dubi yaron, ya ga kama bayyananniya da Utba. Duk da haka ya hukunta cewa yaro na mai shimfiɗa ne, ya ba wa Abdu. Sannan ya umarci matarsa Sauda, wadda ita ma 'yar Zam'a ce, ta riƙa yin hijabi daga yaron.

Ku lura da kyau, hukunci biyu ne a zama ɗaya. Nasaba ta bi shimfiɗa, wato aure ko abin da ke matsayinsa. Kama kuwa ba a jefar da ita gaba ɗaya ba, an yi aiki da ita wajen taka-tsantsan. Daga nan malamai suka kafa ƙa'idar firashi: matar da ke ƙarƙashin aure idan ta haihu, mijinta ne uba, muddin an cika wata shida daga lokacin da saduwa za ta yiwu. Wata shidan nan ma daga Alƙur'ani sahabbai suka ciro shi. Suratul Ahƙaf ta haɗa ciki da yaye ta ce wata 30 ne, Suratul Baƙara ta ce cikakkiyar shayarwa shekara biyu ce, wato wata 24. Idan ka cire 24 daga 30, saura 6.

Masana sawu

Larabawa suna da wani ilmi da ake kira ƙiyafa. Mai wannan ilmi, ƙa'ifi, yakan dubi gaɓoɓin mutum biyu, musamman ƙafafu, ya ce wannan daga wannan yake. Ƙabilar Banu Mudlij ta yi suna a kansa. Zaidu ɗan Harisa fari ne, ɗansa Usama kuwa baƙi ne, ya ɗauko launin mahaifiyarsa Ummu Aimana, don haka masu baki suka yi ta soke-soke. Wata rana Mujazziz, mutumin Banu Mudlij, ya same su kwance sun lulluɓe kawunansu, ƙafafu kaɗai ke waje. Ya duba ya tabbatar cewa ƙafafun nan jini ɗaya ne. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) ya shigo wajenta fuskarsa tana walƙiya saboda murna da wannan magana.

Sayyidina Umar ma ya yi aiki da masana ƙiyafa a zamanin halifancinsa, idan mutum biyu suka yi jayayya a kan yaro ɗaya, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Daga baya mazhabobi suka rabu. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun karɓi ƙiyafa a matsayin hujja. Hanafiyya sun ƙi ta, suka ce zato ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, mashhurin zance shi ne ana aiki da ita a kan 'ya'yan kuyangi, ko da yake akwai ruwaya daga Malik da ta haɗa har da 'ya'yan mata 'yantattu. Amma duk waɗanda suka karɓe ta sun haɗu a kan abu guda: ana kiran ƙa'ifi ne idan ba a san uban ba, ko mutum biyu suna ja. Ba a taɓa kiransa don ya cire yaro daga gidan da aure ya riga ya ajiye shi ba.

Mai raƙuma da masu rantsuwa

To, idan miji ne ya ce ɗan ba nasa ba ne fa? Wani mutum daga Banu Fazara ya zo ya ce matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin ya nisanta kansa da shi. Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Ya tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, mutumin ya ce wataƙila daga wani kakan raƙumin ne can baya. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka. Bai sami izinin kore yaron ba. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane, to rashin kama ma ba ya hana zama wane.

Hanya ɗaya Shari'a ta bar wa mijin da ya tabbata, ita ce li'ani, wanda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9, a kan al'amarin Hilalu ɗan Umayya da Uwaimir al-Ajlani. Miji zai rantse sau huɗu, a ta biyar ya kira wa kansa tsinuwar Allah idan ƙarya yake yi. Matar ta rantse sau huɗu, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah idan shi ne mai gaskiya. Daga nan aure ya rabu har abada, a danganta yaron ga uwarsa. Matar Hilalu ta haihu, yaron ya zo da kamannin wanda aka zarge ta da shi, amma Annabi (SAW) bai warware abin da rantsuwa ta riga ta ƙulla ba. Malamanmu kuma sun ƙara tsananta ƙofar: wanda ya san da cikin ko haihuwar ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya karɓi barka, ya rasa damar li'ani. Wanda ya yanka ragon suna, ya raba goro, sannan bayan shekara huɗu da aka nemi kuɗin makaranta ya tuna yana da shakka, wannan ba shi da li'ani a littafin kowa.

Kwantacce da shari'ar Katsina

Wani abin da ke nuna inda zuciyar fiƙihu ta karkata shi ne maganar mafi tsawon muddar ciki. A Malikiyya an faɗi shekara huɗu, an faɗi biyar. Shi ne abin da iyayenmu mata ke kira kwantacce. Wannan magana ta fito fili a idon duniya a shari'ar Amina Lawal. A watan Maris na 2002 kotun Shari'a ta Bakori, a jihar Katsina, ta yanke mata hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta. Mutumin da ta ambata ya rantse ya musanta, aka sallame shi, ba a yi wani gwaji ba. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi, kuma cikin dalilanta akwai cewa ba a wuce muddar da za a iya danganta cikin ga tsohon mijinta ba.

Likitoci a yau sun tabbatar cewa ciki ba ya kai shekaru, kuma ƙasashen Musulmi da yawa sun rage muddar a dokokinsu: Masar ta tsayar da shekara ɗaya tun 1929, Maroko ma shekara ɗaya, Aljeriya wata goma. Magabata sun yi hukunci da abin da ya iso musu na labarin mata a zamaninsu. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne manufarsu: duk inda suka sami ƙofar da za ta ba yaro uba, ta kuma kare uwa daga haddi, sai su buɗe ta. Nasaba tana tabbata da ƙaramin dalili, ba ta warwarewa sai da mafi ƙarfin dalili.

Daga rukunin jini zuwa ADN

A wajen Turawa abin ya bi wata hanya dabam. Dokar Napoleon ta 1804 ta hana ma a nemi uban yaron da aka haifa ba aure, sai a 1912 Faransa ta sassauta. A 1901 wani likita ɗan Ostiriya, Karl Landsteiner, ya bayyana rukunonin jini. Rukunin jini yana iya nuna cewa wane ba shi ne uba ba, amma ba ya iya cewa shi ne. Kotuna ma ba su yarda da shi nan take ba. A Amurka, gwajin jini ya wanke shahararren ɗan wasan kwaikwayo Charlie Chaplin, amma a 1945 kotu ta ce shi ne uban yarinyar, ta ɗora masa dala 75 kowane mako har ta cika shekara 21.

A watan Satumba na 1984 Alec Jeffreys, a jami'ar Lesta ta Ingila, ya gano yadda ake bambance mutum da mutum ta ƙwayoyin halitta, abin da masu Faransanci ke kira ADN, 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira DNA. Shari'ar farko da aka warware da shi, a 1985, ta shafi makwabtanmu ne: wani yaro ɗan asalin Gana da hukumar shige da fice ta Ingila ta yi shakkar cewa shi ɗan matar da ke kiransa ɗanta ne. Gwaji ya tabbatar ɗanta ne, aka bar shi ya zauna da uwarsa.

Yadda abin yake a taƙaice: kowane mutum rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa ne, rabi daga uba. Ana goge cikin kumatu da auduga ko a ɗebi jini, a gwada wurare da dama a jikin ƙwayoyin yaro da na wanda ake zato. Idan an yi aikin da kyau, yana kore wanda ba uba ba, yana kuma tabbatar da uba da ƙarfin da ya haura kashi 99 cikin ɗari. Ya fi idon Mujazziz nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da ba ya gani. Ba ya sanin ko an ɗaura aure. Ba ya bambance halas da shubuha, ko fyaɗe da zina. Kuma hannun mutum ne ke ɗibar samfurin, hannun mutum ne ke rubuta sakamakon, inda kuwa hannu ya shiga, kuskure da cin hanci suna iya shiga.

Abin da malamai suka zartar a Makka

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka daga 21 zuwa 26 ga Shawwal 1422, daidai da 5 zuwa 10 ga Janairu 2002, ta fitar da matsaya. Ta halatta gwajin idan ana jayayya a kan wanda ba a san nasabarsa ba, ko jarirai sun cakuɗe a asibiti, ko yara sun ɓace a yaƙi ko wani bala'i. Ta hana a yi amfani da shi don kore nasaba, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma hana a riƙa gwada nasabar da ta riga ta tabbata don kawai a sake tabbatarwa. Ta yi wasiyya kada a yi shi sai da umarnin alƙali, a ɗakunan gwaji da hukuma ke sa wa ido. Kun ga sun ajiye shi daidai inda magabata suka ajiye ƙa'ifi. Wasu malaman zamani sun ƙara da cewa idan matar ce ta nemi a yi gwajin don ta wanke kanta daga ƙazafin miji, ya kamata alƙali ya amsa mata, domin manufarta tabbatar da nasaba ce.

Saura tambaya mai nauyi: yaron da aka haifa ba aure, gwaji kuma ya nuna wanda ya yi cikin. Jamhurun malamai, har da mazhabarmu, sun ce nasabarsa ga uwarsa take, kuma a kan haka muke ba da fatawa. Akwai kuma magabata irin su Hasanul Basri da Ishaƙ ɗan Rahawaihi, sai Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim daga baya, da suka ce idan matar ba ta ƙarƙashin auren kowa, mutumin kuma ya amsa cewa ɗansa ne, ana riskar masa da shi. A zamaninmu ƙasashe sun gwada hanyoyi dabam-dabam. Tunisiya ta yi doka a 1998 da ta ba uwa damar tabbatar da uba ta gwaji, yaron ya sami suna da ciyarwa. Majalisar Malamai ta Indunusiya ta ba da fatawa a 2012 cewa irin wannan yaro ba shi da nasaba ko gado ga mutumin, amma hukuma tana da ikon yi masa ta'aziri ta hanyar tilasta shi ya ɗauki nauyin rayuwar yaron, ya kuma bar masa wani abu ta wasiyya. Wannan fatawa ta raba abu biyu da mu nan muke cakuɗawa. Nasaba tana da ƙa'idojinta. Amma cewa namiji ya yi ɓarna ya kaɗe rigarsa ya tafi, a bar yarinya da iyayenta da wahala, babu nassin da ya ba shi wannan rangwame. Yaron kuwa bai yi laifin komai ba, kuma kiransa da mummunan sunan nan da muka sani zalunci ne.

Mu dawo gida Kwatano

A nan Jamhuriyar Benin akwai wata matsala da ta fi gwaji kusa da mu. Dokar mutane da iyali, wadda aka sa wa hannu ranar 24 ga Agusta 2004, auren da aka ɗaura gaban jami'in hukuma kaɗai ta sani, kuma auren mace ɗaya kaɗai ta amince da shi. Ma'ana, auren da muka ɗaura a masallacin Zango da waliyyi da shaidu da sadaki, wanda yake cikakken firashi a wurin Allah, a idon kotu ba shi ne ke ba yaro uba ba. Yawancin aurarrakinmu haka suke, balle na mata ta biyu da ta uku. Sai dokar yara ta Disamba 2015 ta zo ta ce namiji ya je gaban hukuma ya amsa cikin tun a watanni ukun farko, kuma ba a rubuta wa jariri sunan uba sai da takardar aure ta hukuma ko takardar amsa ciki. Idan babu, yaron sunan uwarsa zai ɗauka.

Nan ne yaranmu ke faɗawa rami. Mutum ya yi aure halas, ya tafi fatauci Legas ko Malanbil ko Yamai, matar ta haihu, aka yi suna, ba wanda ya je meri. Shekaru suka wuce, aure ya mutu ko mijin ya rasu. Ranar da za a sa yaro makaranta, ko a nemi kuɗin ciyarwa a kotu, ko a raba gado, sai a tarar babu wata takarda da ta haɗa shi da ubansa. Daga nan sai lauya, sai zaman kotu, sai alƙali ya ce a yi gwaji, kuɗin da mai talla a Dantokpa ko matar mai zemijan ba za ta iya tarawa cikin sauƙi ba. Alhali abin da hukuma ta nema tun farko ba baƙo ba ne a wurinmu. Iƙrari ne, kuma iƙrarin uba hanya ce ta tabbatar da nasaba a duk littattafan fiƙihu.

Nafaƙa kuwa ba alfarma ba ce. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ɗora ci da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa yaron. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a nan bayan magariba, ta bayyana cewa uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar maƙon mijinta Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ta ɗauki abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Saki yana raba miji da mata, ba ya raba uba da ɗa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Maigida, da zarar iyalinka ta sami ciki, ka je ka yi takardar amsawa kafin ka yi tafiya, ka kuma tabbata an yi wa jariri takardar haihuwa a kan lokaci. Waliyyai, ku sa wannan cikin abin da kuke tambayar mai neman 'yarku. Mu limamai, mu riƙa rubuta kowane ɗaurin aure a littafin masallaci da kwanan wata da sunayen shaidu, mu ba kowane ɓangare kwafi. Kada wani ya ɗauki yawun ɗansa a ɓoye ya aika gwaji don waswasin da Shaiɗan ko abokan hira suka jefa masa, wannan shi ne abin da majalisar Makka ta hana. Wanda kuwa aka kira kotu a kan yaron da ba a san ubansa ba, alƙali ya ce a gwada, to ya je. Mai gaskiya ba ya gudun ƙa'ifi. Uwar da aka bari da goyo kuma ta zo ta same mu, za mu kira mutumin da danginsa mu fara da sulhu, idan ya ƙi, ba laifi a kanta ta nemi haƙƙin ɗanta a kotu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon sauke nauyin waɗanda Ya ɗora a wuyanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.